Wuridi a Gindin Ɗorawar Baba

Yanzu a nan Kankara, inda ɗana ya ɗauko mu tun da kwana a ƙauyenmu ya gagara, ba wanda ke iya zama shiru. In ka ga mutum ya sunkuyar da kai a masallaci bayan asuba, tasbaha a hannu, to kunnensa yana waje. Babur ya wuce da gudu, sai ka ga yatsu sun tsaya, kowa yana sauraron ko akwai wasu biye da shi. Waya ta yi ƙara a aljihun wani, sai sahu duka ya juyo, don ba a san labarin da za ta kawo daga Faskari ko daga Sabuwa ba. A da kuwa, in ka fita bayan gari ka zauna, abin da za ka ji shi ne kukan kurciya, da taɓarya tana sauka a turmi can nesa, da shanu suna taka karan dawa. Mutum yana iya wuni a bukkar gona shi kaɗai, ba abin da zai dame shi sai ƙuda. Ni na samu wannan shirun kyauta ina saurayi, na kuma rasa yadda zan yi da shi, har ya kai ni ga ɗaukar gatari.

Gidanmu gidan Maguzawa ne, a wani ɗan ƙauye da ke cin kasuwar Yankara. Baba manomi ne wanda bai san wata sana'a ba sai gandu, kuma bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba. A tsakiyar gonarmu akwai wata tsohuwar ɗorawa, a gindinta yake yin yanka kafin ruwan farko da bayan an kai amfani rumbu, ya zuba jinin a kan saiwa, ya yi 'yan maganganunsa da Uwargona, iskar da yake bauta wa. Mu yara ba da wannan muka san ta ba. Mun san ta da garin da ke rina mana baki rawaya, da makubar da ake daɓen ɗaki da ita, da kalwa. Kalwar nan ita ce dukiyar Inna. Ta dafa ta wuni guda, ta surfa, ta kai rafi ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye har warin ya cika gida ya leƙa maƙwabta, sannan ta kirɓa ta shanya. Gishirinmu da kanwarmu da man fitila da zanen da take ɗaurawa, duk daga daddawar nan suke fitowa. Jikokina da suka tashi da ɗan dunƙulen da ake warwarewa daga takarda a jefa a miya, ba za su gane cewa itace ɗaya yana iya riƙe mace da 'ya'yanta ba.

Na musulunta a wajen aikin ɗaurin auduga, ta hannun wani abokina mai facin keke a Yankara. Na dawo gida ina jiran duka. Baba ya dube ni ya ce, "Kai dai kada in neme ka gona in rasa." Shi ke nan. Shi da kansa ma ya hana a riƙa aje butata kusa da tulunan giya. Matan yayyena suka laƙa mini Malam, in na tsuguna alwala sai su ce, "Ku kauce, Malam zai wanke ƙahwar da bai taka komi da ita ba." Ba a jima ba abokin nan nawa ya kai ni wurin wani dattijo mai ba da wuridin ɗarika, muka karɓa rana ɗaya.

"Bayan asuba da bayan la'asar," in ji dattijon, wanda muke kira Malam, "ka nemi wuri mai tsabta inda ba hayaniya, ka dubi gabas. Ka yi istigfari, ka yi salati, ka yi hailala, yadda na nuna maka. Ba ka magana da kowa sai ka ƙare. In ka ƙare, ka ɗan zauna shiru ka tuna ana ganinka."

"Sai kuma mi, Allah gafarta Malam?"

"Sai ka tashi ka tahi gona."

Na yi dariya. Na ɗauka ɓoye mini sauran yake yi sai ya ga ƙoƙarina.

Abin da Malam bai sani ba, ni ma ban san yana cikina ba, shi ne na tashi ina kallon bori. A wurinmu, in aka kira, ana zuwa. Mai garaya ya kaɗa, a zuga, kafin gumi ya bushe sai ka ga mace ta kama karkarwa ta faɗi zaune, muryarta ta sauya, kowa ya san baƙo ya iso. Da wannan idon na shiga wuridi. Na ce a raina, in ƙananan iskoki suna amsa kira tun mai kiɗa bai gaji ba, ina ga Ubangijin da ya yi su? Saboda haka duk zaman da na yi, jira nake yi. Ina jan tasbaha ina sauraron jikina, ko tsikata za ta tashi, ko zan ga haske, ko zan ji an kira sunana.

Abin da ya riƙa zuwa shi ne ƙotar fartanyata da ta yi sanyi. Da akuyar Inna da ke shiga gonar maƙwabci. Da wata yarinya mai tallar gyaɗa da ta taɓa yi mini dariya a kasuwa. Da ƙaiƙayi a wurin da hannu ba ya kaiwa. In na kori ɗaya, biyu su shigo. Ƙafa ta mutu, baya ya ƙage, wani lokaci in farka in tarar tasbaha ta faɗi ƙasa, miyau ya zubo mini a riga. Damina ta shiga ta fita ina haka. Na taɓa kai kuka wurin Malam, na ce ba na ganin komai, ya ce, "Wa ya ce maka kallo aka kira ka? Ci gaba." Na fito raina a ɓace, na tsaya rumfar abokina.

"Kai har yanzu ba a buɗe maka ba?" ya ce, yana goga roba a kan tayar wani. "Ni hwa jiya kore na gani, shar, ga ƙamshin turare kamar an zuba mini a hanci."

"Yadda kake yi haka nike yi."

"To ka duba cikinka. Mi kake ci?"

"Tuwo, kamar kowa."

"Da miyar mi? Daddawar gidanku, daga wane itace take? Itacen da ke shan jinin tsahi shekara da shekaru. Jinin ya shiga saiwa, saiwa ta kai shi kalwa, kalwa ta shiga miya, miya ta shiga kai. Sannan ka zauna kana jiran haske? Haba, ɗan Bamaguje."

Ya faɗa yana dariya, ya koma kan facinsa. Ni kuwa maganar ta zauna mini daram, don ta ba ni abin da na fi bukata a lokacin, wato wanda zan ɗora wa laifi. Daga ranar na daina cin miya. Inna ta aje mini akushi, in ture miyar gefe in ci gaya. Ta tambaye ni ko ciki ne, na ce a'a. Ta tambaya ko gishiri ya yi yawa, na ce a'a. Da ta matsa na ce mata addinina ne ya hana. Ta ɗauke ƙoƙon miyar, daga nan kullum gaya take aje mini, ta rufe da faifai kamar na kowa. Na rame, idona ya faɗa, wuridi kuma yana nan yadda yake, fartanya da akuya da mai tallar gyaɗa. Sai na ce ashe barin miya bai isa ba. Hayaƙin girkin yana shiga hancina, daɓen ɗakin da nake salla a kai da makubarta aka yi shi. Muddin itacen nan yana tsaye, ba za a buɗe mini ba.

Bayan an gama kaka, ranar kasuwar Yankara, gida ya watse. Na ɗauki gatari da rana tsaka na nufi gona. Na san ba zan iya kayar da ita ni kaɗai ba, amma kowane ɗan manomi ya san yadda ake kashe babban itace a tsaye: ka sassaƙe ɓawon ka kewaye gindin har baki ya haɗu da baki, ka tafi abinka, shi zai bushe da kansa. Na fara daga yamma. Ɓawon yana da kauri, in na sara sai wani jan ruwa ya tsattsafo, ina sara ina kabbara. Na zagayo, na zagayo, saura abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba ta gabas, na ɗaga gatari, sai na ga mutum a gabana.

Inna ce. Ashe ciwon kai ya hana ta kasuwa, tana kwance ta jiyo sara daga wajen gona. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta jingina bayanta a kan ɗan ɓawon da ya rage, ta buɗe hannuwa ta riƙe itacen ta baya, kanta ba ɗankwali, tana haki.

"Ida," ta ce. "Ida, ka haɗa da ni."

"Inna, kauce."

"Da ita na yaye ka. Sara mana, Malam."

Ban san tsawon lokacin da gatarin ya yi a sama ba. Na dai san ya sauko da kansa.

Da yamma aka taru a gindin itacen. Ƙannen Baba suna cewa a ɗaure ni, yayyena suna neman sanda. Baba ya zagaya ɗorawar a hankali, yana shafa farin naman itacen da na tone, har ya iso wurin ɗan ɓawon, ya auna shi da tafinsa. Sannan ya juyo.

"Ba mai taɓa shi," ya ce. Ya dube ni. "Ba ni dukanka. In ɗorawar ga ta mutu, ranar da na tabbata ta mutu, ka naɗe buzunka ka ɗauki butarka, ban haihe ka ba. In ta rayu, ka zauna. Ba ni da wata magana."

Ya sa aka kwaɓa laka da kashin shanu, aka shafe raunin duka, aka naɗe da tsohuwar tabarma aka ɗaure da igiyar rama. Ya ce lakar nan kada ta bushe ta tsage, kada akuya ta ci ɓawon da ya rage, kada gara ta hau. "Tunda ka san sahe da marece wurin kiran Ubangijinka," ya ce, "sai ka san su wurin ɗibar ruwa."

Washegari na ruga Yankara. Wallahi a hanya ina tsammanin Malam zai yaba mini, har na shirya yadda zan sunkuyar da kai in ya fara. Na ba shi labari tun daga miya har gatari. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Malam. Na ga shirka ce."

"Shirkar tana nan tun ranar da ka musulunta, ba ka ɗauki gatari ba. Sai da ka zauna aka ƙi nuna maka abin kallo. Haushi ne ka sara, kada ka sa sunan Allah ciki. Uwarka da mi za ta sai gishiri?"

Na ce abokina yana ganin haske. Ya ce abin da wancan ya gani tsakaninsa da Ubangijinsa ne, da ya riƙe bakinsa da ya fi masa. Na ce to in an kore ni, ko zan dawo zaurensa da zama.

"Ba ni da wurin wanda ya sa uwatai kuka. Koma ka yi ban ruwanka. Can za ka riƙa wuridin."

"A gindin tsahi, Malam?"

"Ƙasar ta wa ce? Share wuri mai tsabta, ka ba itacen baya, ka dubi gabas."

Ranin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Rafi ya ƙafe, sai na tona rairayi in jira ruwa ya taru in kwasa da ƙoƙo. In cika tulu in kai gona, in yayyafa wa tabarmar har ta jiƙe, in duba gara, in gyara ƙayar da na kewaye gindin da ita, sannan in shimfiɗa buzu ta gabas in zauna. Ganye ya fara zuba. Ɗorawa dama tana zubar da ganye da rani, saboda haka ba wanda zai iya cewa wannan zubar ta lafiya ce ko ta mutuwa. Lokaci lokaci Baba ya zo da ƙugiya, ya jawo ɗan reshe ya karya, ya duba cikinsa, ya yar, ya tafi.  In ya tafi sai in rarrafa in ɗauki reshen. Na yamma duk ƙas suke karyewa, fari fat, ba ɗigon ruwa. Na gabas sun yi sama, ƙugiya ba ta kai musu.

A gida ba mai tsokanata kuma, kuma na gane tsokanar nan ashe zumunci ce. In na shigo hira ta mutu. Inna kaɗai ke aje mini akushi. Wata rana na buɗe faifai na ga gaya kamar kullum, na ce, "Inna, a zuba mini miya."

"Da daddawa ce," ta ce, ba ta dube ni ba.

"A zuba."

Ta zuba, har da 'yar tsoka da ban san inda ta samo ta ba.

Wuridin kuwa bai gyaru ba, in gyaruwa ita ce hankali ya tsaya wuri ɗaya. Fartanya da akuya sun tafi, tsoro ya maye gurbinsu. Ina istigfari ina tunanin garin da zan nufa in an kore ni. Ina salati ina jin busasshen reshe yana ƙara a bisa kaina. Sai dai yanzu ba ni da ƙarfin faɗa da tunanin. In ya tafi, in ce to, in dawo da shi kan abin da bakina ke faɗa. Ya sake tafiya, in sake dawo da shi, kamar yadda ake yi da ɗan maraƙin da bai saba da turke ba. Ban kuma sauraron jikina ba, don abin da nake jira ya koma bayana, ba ya cikin idona. Har yau da furfura ta cinye kaina haka nake yi, kuma ban taɓa ganin kore ko fari ba. Abokina har ya rasu yana cewa yana gani, ban ƙaryata shi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne Baba. Mutumin da ya tsare mini butata, wanda wani lokaci in ina salla nakan ji ya sa yara su yi shiru, daga ranar gatarin nan bai ƙara kallon inda nake salla ba. A kan addininsa na gado ya mutu. Shiriya ta Allah ce, na sani, malamai sun faɗa mini ba sau ɗaya ba. Amma ni ne Musulmin farko da ya gani a cikin gidansa, kuma abin da na nuna masa ke nan.

Bazara ta kama. Zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Ɗorawun gonakin maƙwabta duk suka fitar da tuntu, jajayen furannin nan masu lilo, tamu tana tsaye tsirara. Wani ƙanen Baba ya ratso ta gona, ya tarar da ni ina yayyafi, ya ce, "Malam, gawa kake wa wanka." Ran nan da na koma gida na ga Inna ta wanke tufafina duka, ta ninke, ta ɗaure a tsohon zanenta ta aje bayan ƙofar ɗakina. Na taɓa ƙullin na ji wani abu mai tauri a tsakiya, na sinsina, daddawa ce. Ban kwance ba. Na ci gaba da ɗibar ruwa, amma na daina ɗaga kai sama, don na gaji da abin da nake gani.

Wata safiya ina tsakiyar hailala, idona a rufe, na ji wani gunji a bisa kaina, siriri, ba ya yankewa. Zuma ce. Zuma kuwa ba ta taruwa a busasshen itace. Wuyana ya yi kamar zai juya da kansa. Sai kuma na ji taku a kan busasshen ganye, takun da na sani, ya zo ya tsaya bayana kaɗan, da wani motsi kamar na fiffike. Ban san ko kora ta zo ba. Malam ya ce ba a magana sai an ƙare, kuma saura da yawa. Na ci gaba da ja, yatsuna suna zamewa don gumi, ina jiran tsawa. Ba a yi tsawa ba. Mai takun ya tsaya yana jira har na kai ƙarshe, na shafa.

Baba ne, da jan zakara a hammata, da wuƙa a hannu. Ba ni yake kallo ba, sama yake kallo. Na bi idonsa. Can a ƙololuwa, a rassan da ke bisa ɗan ɓawon nan, tuntu ne 'yan kaɗan suna lilo, zuma ta rufe su. Sauran itacen duka, tun daga tsakiya har yamma, ƙirare ne.

"Rabinta ya mutu," ya ce.

"Rabinta ya mutu, Baba."

"Kalwar uwarka ta ragu ke nan har abada."

Ya sauko da idonsa kaina.

"Na ce in ta rayu. Ban ce duka ba." Ya gyara riƙon zakaran. "Ka ƙare naka?"

"Na ƙare."

"To tashi ka ba ni wuri."

Na naɗe buzu, na ɗauki tulu, na kama hanyar gida. Na ji zakaran ya yi kuka ɗaya a bayana, ban waiwaya ba. Ashe tun jiya da yamma Baba ya ga tuntun ya faɗa wa Inna, don da na shiga na tarar Inna ta kwance ƙullin, tana rataye rigunana a kan igiyar ɗakina ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya bakin ƙofa da tulu a hannu.

"Kada ka aje tulun nan," ta ce. "Randa ba ruwa."